Neman shawara: kod ɗina yana danna gefen maɓalli

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai tsohuwar manhaja da nake shigar da bayanai a ciki a wurin aiki, kowane layi sai an danna maɓalli biyu kafin ya ajiye. Na rubuta ɗan kod, wato jerin umarni ga kwamfuta, da harshen Python da PyAutoGUI (kayan aikin Python mai sarrafa linzamin kwamfuta da kibod) don ya riƙa danna linzamin a madadina. A kwamfutata ta tebur lafiya lau, amma a ta abokin aikina kibiyar tana sauka gefen maɓallin. Wani lokacin kuma ta tsaya daidai kansa, dannawar ta ƙi shiga, babu ko saƙon kuskure. Don Allah ina matsalar take?

Amsa ta 1: Wa alaikumussalam. Ɗan uwa, kod ɗinka bai san maɓalli ba, lambar wuri kawai ka ba shi. Ana ƙirga wurin ne daga kusurwar sama ta hagu, wato 0, 0. In allonka 1920 da 1080 ne, nasa kuma 1366 da 768, dole a samu saɓani. Ka duba girman rubutu a saitin allo ma, wani yana kan 100%, wani 125%.

Amsa ta 2: Matsala ta biyun kuwa, ta dannawar da ke ƙin shiga, da alama batun izini ne. Windows ba ya barin manhaja mai ƙaramin izini ta aika dannawa zuwa tagar da aka buɗe da izinin admin, wato babban izini na mai kula da kwamfuta, kuma shiru yake yi, ba ya faɗa maka ya hana. Ka buɗe kod ɗin da izinin admin ka gani.

Amsa ta 3: Ka yanki hoton maɓallin ka ba umarnin locateOnScreen na PyAutoGUI ya nemo shi a allo.

Amsa ta 4: Malam, hoton ma in girman allo ya canza zai daina gane shi. Shawarata ka daina bin wuri, ka kira maɓallin da sunansa. Da pywinauto, wani kayan aikin Python na sarrafa tagogin Windows, za ka kama tagar ta hanyar sunanta, ka nemo maɓallin cikin jerin abubuwan da ke cikinta, ka ce a danna shi. Ko an ja tagar gefe ko an ƙanƙanta ta, zai same shi. AutoHotkey ma, wata manhajar sarrafa kibod da linzami a Windows, tana da umarnin ControlClick mai irin wannan aikin. Amma kafin duk wannan, gwada kibod tukuna. Tsofaffin manhajoji da yawa Tab da Enter sun ishe su, kuma wannan hanyar ba ruwanta da girman allo. Ni ita nake fara nema kullum.

Amsa ta 5: Ƙari kaɗan, domin bayanan mutane ne a hannunka. Tsakanin umarni da umarni PyAutoGUI daƙiƙa 0.1 kawai yake jira. In manhajar ta yi nauyi, zai ci gaba da danna duk abin da ya tarar a gabansa. Sa shi ya jira har tagar tabbatarwa ta fito. Kada kuma ka kashe FAILSAFE, birkin gaggawa na PyAutoGUI: in abu ya rikice, ka ja kibiya zuwa kusurwar allo, nan take zai tsaya. Ka sanar da mai kula da kwamfutocinku, sannan ka fara gwaji da kwafin bayanan.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na duba, tasa tana kan 125%, kuma da admin ake buɗe manhajar. Tab yana kai ni maɓallin farko, na biyun ne bai kai ba. Malam mai amsa ta 4, yaya ake ganin sunayen maɓallan a pywinauto?

Amsa ta 4: Kira print_control_identifiers a kan tagar, zai jero maka su duka.