Ekutar mai auna bugun zuciya, da gaske ne ko tallar 'yan kasuwa ce?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Babanmu na fama da hawan jini, likita ya ce ya riƙa tattaki da safe, to sai abokina ke ce min wai akwai ekutar da in ka sa a kunne take auna bugun zuciya ta tura waya. Ya take aiki ne, kuma za ta amfani Baba?

Injiniya Marwa:
Wa alaikumus salam. Akwai ta kam, Jabra sun fitar da tasu tun 2014, Powerbeats Pro 2 da AirPods Pro 3 na 2025 ma suna yi. 'Yar fitila ce a jikinta take haska fatar cikin kunne, duk bugu ɗaya jini na ƙaruwa a jijiyoyi ya shanye hasken, wanda ke dawowa sai ya ragu, da wannan hawa da saukar take ƙirge. Kunne ba ya kaɗawa kamar hannu shi ya sa wasu suka fi son ta a kan agogo, amma fa sai robar ta zauna daram, in ta yi sako-sako ko zufar watan Afrilu ta jiƙa ta lissafin rikicewa yake.

Mai Waya Kusiri:
Jabu sun yi yawa wlh. Kafin ka biya ka ajiye ta kan tebur, in waya ta ci gaba da nuna lamba kar ka saya.

Anti Nas Njamena:
Ƙanena tsaya tukuna, bugun zuciya daban tansiyo (wato awon hawan jini) daban, wannan abar ba ta auna tansiyo ko kaɗan. Mutum na iya zama bugunsa 72 lafiya lau alhali tansiyonsa ya kai 17/10 (wato 170/100) bai sani ba, abin da ke ba ni tsoro kenan, Baba ya ga lamba mai kyau ya ajiye maganinsa. Kuma wasu magungunan irin atenolol su da kansu suna rage bugun. Ka je farmasi ka sayo masa na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ita ke nuna duka biyun. Bugun babban mutum in yana hutawa 60 zuwa 100 ne a minti, ko da yatsu biyu a wuyan hannu za ka ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Sannan dattijo a bakin titi kunne a toshe ga 'yan moto, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Garwa:
Allah ya saka da alheri Anti. Ta damtsen sau nawa zai riƙa gwadawa, da safe kawai ko har da dare?