Sanyin hunturu ne ko janyewar ruwan Akosombo ke rage karfasa?

Tambaya daga Nima, Accra:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Bandar kifi nake sayarwa, kuma daga Yeji, wani gari a bakin Tafkin Volta, ake kawo mini kaya. Na lura da zarar hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Janairu, sai karfasa ta yi wuya, kwandon da ya saba zuwa cike da manya ya zo rabinsa ƙanana. Masu kawo kayan sun ce ruwa ne ya ja baya saboda madatsar Akosombo, wadda ta tare kogin Volta ya zama tafki, ni kuwa na ɗauka sanyi ne kawai. Wanne ne gaskiya?

Amsa daga Aboabo, Kumasi:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi sana'ar su a Yeji kafin in dawo Kumasi, kuma a ganina masu kayanki sun fi kusa da gaskiya. Tafkin Volta da ruwan daminar arewa yake cika, yakan kai ƙololuwa wajen Oktoba ko Nuwamba, daga nan sai ya riƙa raguwa a hankali har zuwa Yuni ko Yuli, domin injinan wutar lantarki ba sa daina shan ruwa da rani. Lokacin da ruwa ke hawa yakan rufe ciyawar bakin gaɓa, karfasa ta shiga cin abinci da hayayyafa, masunci ya same ta a sauƙaƙe. Da ya fara sauka kuwa, manya su ne ke fara guduwa zuwa tsohuwar hanyar kogi da cikin matattun itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar a 1965. Can taru ba ya jefuwa. Na taɓa barin rabin sabon taru a jikin kututture guda, ina ji ina gani. Ga kuma iska da hazo, waɗanda ke hana ƙananan kwale-kwale yin nisa.

Amsa daga Madina, Accra:

Malam ya yi bayani, sai dai ya kamata a bambance wannan da buɗe ƙofofin madatsa. Wanda hukumar VRA mai kula da madatsar ta fara a ranar 15 ga Satumba, 2023, sa'ad da ruwa ya doshi iyakarsa ta ƙafa 278, mutanen ƙasa da madatsar ya fi shafa, irin su Mepe da Battor da Sogakope, har da masu kiwon kifi a keji. Yeji tana can sama, abin da ke damunta janyewar ruwa ne.

Amsa daga Mississippi, Amurka:

Ni ɗan Zangon Kumasi ne, kuma nan ma haka abin yake da kifin da ake kira crappie. A tafkin Grenada ana rage ruwa da gangan a lokacin sanyi don a bar wa ambaliya wuri, sai kifin ya bar gaɓa ya taru a kwaruruwan tsofaffin rafuka. Idan ruwa ya tsaya cak na 'yan kwanaki yakan ci ƙugiya sosai, amma ranar da ake zuƙe shi da sauri sai ya ƙi.

Mai tambaya:

Allah Ya saka da alheri. Baɗi, in Allah Ya kai mu, zan sari kaya da yawa tun a Nuwamba, in dai bandar ta bushe sosai.