Shin bulokcen yana hana ha'inci a ciniki?

Mai Riɗi, Dawanau:
Assalamu alaikum. Ina fataucin riɗi zuwa ƙasashen waje, kuma wani kamfani ya yi mini tayin shiga tsarinsa na bulokcen, yana cewa da zarar na shiga babu mai iya yi mini ha'inci a takardun kaya, kuma na rabu da banki da dillali. Wasu abokan kasuwa kuma sun ce bulokcen da Bitcoin duk abu ɗaya ne, kuɗin ɓarayi da ba a iya bin sawunsa. Ina roƙon masana su warware mini.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Bulokcen kundi ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa, inda kowane shafi yake ɗaure da wanda ya gabace shi, ta yadda duk wanda ya taɓa tsohon rubutu asirinsa zai tonu. Bitcoin, kuɗin intanet da ya fara aiki a 2009, ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da aka gina a kansa. Abin da kamfanin bai faɗa maka ba shi ne, kundin yana kare rubutu ne bayan an shigar da shi, amma bai san ko gaskiya aka rubuta ba. Idan ma'aikacin sito ya shigar da cewa buhu ɗari ne na riɗi mai tsabta, alhali an cakuɗa shi da yashi, haka ƙaryar za ta zauna daram, kuma gyara ta ya fi wuya fiye da a takarda. Mai duba kaya da mai awo suna nan a matsayinsu.

Hajiya Akanta:
Alhaji, ka fara tambayarsu su wane ne suka riga suka shiga. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin kwamfuta na IBM sun ƙaddamar da wani tsarin bulokcen mai suna TradeLens a 2018 domin takardun jigilar kaya ta ruwa, amma a ƙarshen 2022 suka sanar da rufe shi, saboda bai samu cikakken haɗin kan masu harkar ba; ba kowa ne zai so zuba bayanan cinikinsa a dandalin da abokin gogayyarsa yake da hannu a ciki ba. Idan mai sayen kayanka da bankinsa da kwastan ba sa kan tsarin, takardun da ka saba cikewa za ka ci gaba da cikewa, ga kuɗin rajista a kai.

Malam Lauya:
Batun rashin bin sawu ma kuskure ne, domin kundin Bitcoin a buɗe yake ga kowa. A 2021 hukumomin Amurka sun bi diddigin kuɗin fansar da kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ya biya masu kutsen kwamfuta, har suka ƙwato Bitcoin 63.7. Dillali kuwa bai gushe ba, kama kawai ya sauya: waɗanda suka ajiye kuɗi a FTX, wani dandalin saye da sayar da kuɗin intanet, amanar kamfani suka yi, kuma da ya rushe a Nuwamban 2022 bulokcen bai ba su kariya ba. Kafin ka sa hannu, a rubuta cikin yarjejeniya wanda zai ɗauki asara idan bayanin da aka shigar ya saɓa wa kayan da aka sauke, da kuma kotun da za a je.