Ciki da Bai Ɗaya: Musayar Waƙa Kan Abin da Ke Jawo Yarda

Malam Na Bebeji:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Maganar da na kawo ta shafi mutumin da abin da ke zuciyarsa shi ne a bakinsa da aikinsa, da dalilin da ya sa jama'a suke ba shi amana, suke kuma riƙonsa aboki. Na ɗauko misalina daga fataken goro, domin a ganina babu inda aka jarraba yarda kamar hanyar Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau. Waƙar ƙwar huɗu ce, wato layi huɗu a kowane baiti, babban amsa-amo kuwa "ya", mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Salati ga Manzo, ma'abocin kirki,
Ina so mu duba mutumin da ke aiki
Da fuska guda, ko a gaba ko a baya.

Madugu yakan ja gaban ayari,
Da kanwa da fatu a matsayin jari,
Su ƙetare Kwara, gari bayan gari,
Watanni suke yi a kan wannan hanya.

Ta Borgu su ratsa su sauka Salaga,
Ba ɗan'uwa can a gidan da za su shiga,
Ba a duba rawani, ba a duba riga,
Mai masauki halinka yake tambaya.

Ya karɓi kaya ya adana a ɗaki,
Ya nemo dillali, ya tsaya kan ciniki,
Ya ba ka bashin goro a kan faɗar baki,
Jinginar da ya riƙe ita ce gaskiya.

Wanda ya cusa ruɓaɓɓe a cikin huhu,
Ya ɗauka cinikinsa ya yi shi a duhu,
Kafin ya kwance bakin wani buhu,
Labari ya kai zango, ya rasa mai saya.

Hajiya Ta Damagaram:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da kasuwa, ni kuwa zan koma ga Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda mutanen Makka suka yarda da hukuncinsa kan Hajarul Aswad yana ɗan shekara 35, tun kafin wahayi ya sauko masa.

Malam, zancen nan naka yana da tushe,
Wanda ya riga Gwanja, kuma ba shi da ƙarshe,
Mutum guda ne Makka ta shaidi nasa harshe,
Ta sa masa Al'aminu tun farkon tafiya.

Nana Khadija ta ba shi jarinta,
Ya je Sham tare da Maisara yaronta,
Halin da ya gani ya dawo ya gaya mata,
Daga yarda aka kai ga aure da zuriya.

Ƙuraishawa na ginin Ka'aba suka saɓa,
Kan wace ƙabila ce dutsen za ta taɓa,
Takubba sun kusa fita a wannan gaɓa,
Da ya shigo suka ce: mun yarda baki ɗaya.

Ya shimfiɗa mayafi, ya sa dutsen a kai,
Kowace ƙabila ta riƙe gefe, aka kai,
Ya ɗora da hannunsa, aka rabu sarai,
Ba wanda ya ce an yi masa murɗiya.

Daren hijira ma, masu ƙin saƙonsa
Kayansu na ajiye a cikin ɗakinsa,
Ya bar Aliyu ya kwana a shimfiɗarsa,
Ya mayar wa kowa abin da ya ba da ajiya.

Ɗan Zangon Kumasi:

Baba Malam da Inna Hajiya, ku gafarce ni in yi magana a gaban manya. Ban musa ko baiti ɗaya daga cikin abin da kuka kawo ba, sai dai a nan zango, inda jikokin fataken nan suke zaune har yau, abin da idona yake gani a tsakanin tsararrakina ya sha bamban da shi.

Baba da Inna, ku yi mini afuwa,
Abin da nake gani yana sa ni damuwa,
Mai daɗin baki shi ke samun karɓuwa,
Mai faɗin gaskiya an bar shi a baya.

A Facebook mutum zai ari babbar mota,
Ya jingina a ɗauke shi hoto da ita,
Dubban mabiya su yi ta yabon ta,
Wanda ya nuna rashinsa sai a yi dariya.

Ka gaya wa aboki wurin da ya kauce,
Gobe ka tarar zumunci ya lalace,
Mai yi masa fadanci shi ne ya dace,
To ina ribar da kuke faɗa, ina moriya?

Malama 'Yar Gwammaja:

Ƙanena, tambayarka tana da nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Zan amsa maka da Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 1983, wanda gidansa na unguwarmu shi ne a yau Gidan Mambayya da ke ƙarƙashin Jami'ar Bayero. An kafa jam'iyyar NEPU, wadda ya jagoranta, a 1950, zaɓen da zan ambata kuwa na 1979 ne, lokacin yana jagorantar jam'iyyar PRP.

Ƙanena, ka raba mabiyi da amini,
Mabiyi yana tafe ne da zamani,
Yana nan da kaka, ya gudu da rani,
Amini ake nema a ranar wuya.

Malam Aminu ya yi koyarwa a Bauci,
Can shi da Sa'adu Zungur suka ƙulla zumunci,
Abin da ya haɗa su ƙin jinin zalunci,
Ba kuɗi ba, ba muƙami ba, ba fariya.

Ya tsaya a NEPU saboda talakawa,
Farar tufa mai sauƙi ita yake sawa,
Ƙofar gidansa a buɗe take ga kowa,
Abin da ya faɗa a dandali shi ne a zuciya.

An ɗaure magoya bayansa, an yi musu bulala,
Sun biya tara a gaban alƙali, sun sha wahala,
Ba don kuɗi suka jure ba, ko kayan salla,
Sun ga mutum ne da ba ya yi musu ƙarya.

Da aka zo zaɓe, Kano da Kaduna
Suka ba PRP kujerun gwamna,
Da ya rasu abin da ya bari shi ne suna,
Da ƙaramin gida, ba tarin dukiya.

Batun aboki kuwa, a nan akwai gyara,
Gaskiya ba ta hana mutum ya yi kara,
Ka ja shi gefe tukuna kafin ka fara,
Tozarta mutum a taro ba ya cikin gaskiya.

Malam Na Bebeji:

Allah ya saka wa Malama da alheri. Ɗana, tun da riba ka tambaya, ga Alhaji Alhassan Ɗantata, haifaffen garinmu a 1877, wanda ya rasu a Kano a 1955. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 ya kai ajiya, kuma dukiya irin wannan ba ta taruwa ga wanda yaransa ba su amince masa ba, shi ma bai amince musu ba.

Ɗana, Ɗantata ya taka ƙasarku,
Ya yi fataucin goro a zamanin kakanninku,
Ya sa huhu a jirgi ya bi ta teku,
Daga Akara zuwa Ikko, ya rage wuyar tafiya.

Da dogo ya iso Kano aka koma gyaɗa,
Kamfanin Turawa da shi suka haɗa,
Ya raba wa yaransa jari kan abin da suka faɗa,
Su shiga ƙauyuka, su dawo da kaya.

Da a ce kowa yana cin amana,
Yana sauya fuska, yana sauya magana,
Da dalar gyaɗa ba ta tsaya a rana,
Da raƙuma ashirin ba su kai banki ajiya.

Ɗan Zangon Kumasi:

Na gode, Baba. Na karɓi gyaran Yaya Malama a kan kara, kuma na yarda mabiyi daban ne, amini daban. Saura tambaya guda da ta tsaya mini a rai, kuma Inna Hajiya nake roƙo ta warware mini ita.

Akwai mai rowa, mai zafin rai, mai gori,
Ya ce haka Allah ya yi shi tun fari,
Bai ɓoye halinsa ga kowa ba a gari,
Amma jama'a na kauce masa a hanya.

Shin Inna, wanda bai ɓoye muninsa ba,
Ya cancanci yarda don bai yi ƙarya ba,
Ko sai ya gyara abin da bai kyautu ba,
Sannan a buɗe masa ƙofa da zuciya?