Wai waye Tiga na ƙasar Haiti, kuma me ya haɗa shi da manoman Saint Soleil?

Ummu_Hanan:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin zane-zane ku taimaka min, ina ta cin karo da sunan wani Tiga a duk inda ake maganar masu zane na Haiti, wani wurin a ce mai zane ne wani wurin a ce mai sassaka ne, wani kuma ya ce shi ya koya wa manoma zane har Turawa suka zo suna rububin saye. To wanne ne a ciki? Kuma in shi ya koya musu ai aikinsa ne ba nasu ba ko?

Baban_Sadiq:
Wa alaikis salam Hajiya. Duk ukun gaskiya ne. Sunansa na yanka Jean-Claude Garoute, an haife shi 1935 ya rasu a watan Disamba 2006. Da yumɓu ya fara, irin aikin da ake ginawa a gasa a wuta, shi ya sa in an ce masa mai sassaka kar ki kawo gizago da icce a ranki, hannu da laka ne. A 1968 shi da Patrick Vilaire da wani abokinsu suka buɗe cibiyar fasahar zane-zane mai suna Poto Mitan. Zanensa kuwa yana da wata dabara tasa ta haɗa tawada da asid a kan takarda, sai launin ya fito ruwan ƙasa-ƙasa kamar abin da wuta ta lasa, fuskokin mutane suna ɗan leƙowa daga ciki, sai kin ƙura ido sosai kafin ki gane ido ne nan baki ne can.

Maganar manoma kuma wajen 1973 ne, shi da Maud Robart suka hau wani ƙauye Soisson-la-Montagne a tsaunukan da ke saman garin Pétion-Ville kusa da babban birnin ƙasar Port-au-Prince, suka raba wa mutanen wurin fenti da buroshi da laka da ganguna, mutanen da ba su taɓa shiga ajin zane ba wasu ko karatu babu, suka ce kowa ya yi abin da ya zo masa, ba tare da an koya musu salo ba. Ƙungiyar masu zanen da ta fito daga nan ita ake kira Saint Soleil.

Dan_Gaske:
Ni fa wannan labarin na "ba a koya musu komai ba" bai taɓa shiga ta ba wlh. Ka je ka duba aikin 'yan ƙungiyar, zanen Prosper Pierre-Louis ka duba na Levoy Exil da na Dieuseul Paul, duk manyan kawuna ne zagayayyu da idanu ƙwala-ƙwala da ɗige-ɗige cike da fili, jiki ba ƙafa ba hannu sosai, to ta yaya mutane daban-daban za su faɗa kan salo ɗaya in ba wani ke gyaɗa kai yana cewa yawwa wannan ya yi ba? Wanda ya kawo fentin kuma ya san masu saye ai ba sai ya buɗe baki ba.

Baban_Sadiq:
Malam Dan_Gaske ban ƙi ta taka ba, amma ka manta abu ɗaya, mutanen nan addininsu ɗaya, Vodou, tare suke zuwa wurin bauta tare suke ganin zanen da ake yi a ƙasa da garin hatsi lokacin kiran iskokinsu da suke ce wa lwa, kuma wuri ɗaya suke zaune suna kallon aikin juna, dole a samu kama. Sannan ka ajiye zanen Tiga kansa kusa da nasu, ko kusa ba su yi kama ba, nasa duhu-duhu nasu launi har yana kashe ido. Da kwaikwayonsa suke da an gani.

Abin da Tiga ke gudu shi ne kasuwar 'yan yawon buɗe ido. Tun da DeWitt Peters ɗan Amurka ya buɗe cibiyar zane ta Centre d'Art a Port-au-Prince a 1944, masu zane irin su Hector Hyppolite suka yi suna, sai kowa ya koma zana kasuwa da mata masu tallan kaya a ka don shi baƙi ke saye. Shi kuma yana son a yi zanen da ba don ciniki ba.

Maman_Twins:
Sai dai cinikin ya biyo su har kan dutsen 😂 André Malraux, tsohon ministan al'adun Faransa, ya je wurinsu a 1975 yana tsoho tukuf, ya koma ya ba su babi guda a littafinsa L'Intemporel, shikenan dillalai suka farka. Ƙungiyar ba ta daɗe a haɗe ba, daga baya biyar daga cikinsu suka sake haɗuwa da sunan Cinq Soleils. Ni wadda ta fi burge ni a cikinsu Louisiane Saint Fleurant ce, mace ɗaya a cikin biyar ɗin, ta fara zane ta riga ta manyanta, kusan kullum uwa da 'ya'ya take zanawa da tsuntsaye da furanni, ɗanta Stivenson Magloire ma ya zama babban mai zane. Hajiya ki fara da nata.

Ummu_Hanan:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Amma Baban_Sadiq ayyukan yumɓun nasa fa, duk hotunan da nake samu na zane ne kawai, akwai wanda ya san inda zan ga na lakar?