Muhawara: da gaske ne Indiyawa da darbejiya suke korar maleriya?

Alhaji Baba: Assalamu alaikum. Damina ta kankama, zazzaɓi ya cika gari, kuɗin magani kuma sai wane da wane. Shawarata ga 'yan wannan zaure ita ce a koma wa darbejiya. Daga Indiya aka kawo mana ita, kuma masu ita sun fi shekara dubu biyu suna magani da ita a tsarinsu na gargajiya mai suna Ayurveda. Kemis ɗin ƙauye suke ce mata. A tafasa ganyen a sha safe da yamma, a yi sirace, maleriya ta kama gabanta. Mutanen da muke kwasar marasa lafiyarmu muna kai musu ba su raina ta ba, sai mu?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam Baba, gaskiya ka faɗa. Innarmu haka take yi mana. Ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwaba a tukunya ɗaya, a sauke tana tafarfasa, a lulluɓe ka da bargo har zufa ta riƙa ɗiga ta haɓarka. Ka fito kan nan ya yi sakayau.

Sista Hadiza: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina roƙon a janye maganar "a sha, maleriya ta kama gabanta". A ɗakin yara nake aiki. Irin wannan lokacin ake kawo mana yaro an kwana uku ana ɗura masa jiƙo, idonsa ya yi fari fat, jini ya ƙare, wani ma yana jijjiga. Sirace yana sa zufa, zufa tana sauke zafin jiki na ɗan lokaci, amma ƙwayar cutar tana nan cikin jini tana fasa shi.

Alhaji Baba: 'Yata, ku 'yan boko komai namu sai kun kushe. To wannan ba namu ba ne ma, na Indiya ne, kuma a rubuce yake a littattafansu.

Auwalu mai haɗa magunguna: Baba, ranka ya daɗe, a Bangalore ta Indiya na yi karatu, bari in faɗi abin da littattafan suka ce, domin yana goyon bayanka ta wani gefe, yana kuma saɓa maka ta wani.

Manyan littattafan Ayurveda biyu, Charaka Samhita da Sushruta Samhita, duk sun ambaci bishiyar da sunan nimba. A wurinsu lafiyar jiki tana kan daidaiton abubuwa uku: vata (iska), pitta (zafi) da kapha (majina). Darbejiya ɗaci ce da ita, kuma suna lissafa ta cikin masu sanyaya jiki, don haka suke ba da ita inda suke ganin pitta ko kapha ta yi yawa. Babban fagenta a wurinsu fata ce: ƙaiƙayi, ƙuraje, kirci, gyambon da ya ƙi warkewa. Ana wanke miki da ruwan dafaffen ganyen, ana daka ganyen a shafa. Sai tsutsar ciki, sai ciwon da suke kira prameha wanda ciwon suga yake cikinsa, sai zazzaɓi. Saiwa, sassaƙe, ganye, fure da 'ya'ya, kowanne da aikinsa. Akwai haɗin da suke kira panchatikta ghrita, itatuwa biyar masu ɗaci ake dafawa cikin man shanu, darbejiya ɗaya ce daga ciki.

Ga inda suka saɓa maka. Su da kansu sun ce tana tayar da vata, tana busar da jiki, don haka masanansu ba sa yawaita ta ga ramamme ko wanda ciwo ya cinye. Ba a kuma cika ba da ita tsura ba, sai an gauraya, an auna, an duba wanda za a ba. Kofi cike safe da yamma ga kowa da kowa, babu mai ilimin Ayurveda da zai sa hannu a kan haka.

Alhaji Baba: Amma ka ce zazzaɓi yana ciki. Magana ta ƙare.

Auwalu mai haɗa magunguna: Da saura, Baba. Zazzaɓi a littattafan nan iri-iri ne, har da wanda suke kira vishama jwara, mai tafiya ya dawo bayan kwana biyu ko uku, wanda da yawa suke ganin maleriya ce. Sun lura da shi sosai, wannan ba a ƙwace musu ba. Amma ba su da hanyar duba jini su ga ko cutar ta mutu ko lafawa ta yi. Sai a 1880 wani likitan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar a jinin mutum a Aljeriya, kuma a Indiyar ce, a Secunderabad, likitan Birtaniya Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a 1897. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: lokacin da Indiya ta samu 'yanci a 1947, ƙiyasin da ake yi shi ne mutum miliyan 75 ke kamuwa da maleriya duk shekara, kusan 800,000 kuma suna mutuwa. A lokacin darbejiya tana ƙofar gida a ƙauyukansu. Feshin maganin sauro da kulorokwin ne suka karya adadin a shekarun 1950 da 1960, yau kuma gwajin jini da magungunan ACT, wato haɗin maganin maleriya na asibiti, suke amfani da su, irin namu.

Ɗan Maraɗi: Malam Auwalu, ni manomi ne, ba zan yi gardamar littafi ba. Mu a nan bedi muke ce mata. Ina daka 'ya'yanta in jiƙa ya kwana, in tace in fesa wa wake da kabeji, tsutsa ta bar gonar. Ganyen kuma muna sa shi cikin rumbu. Abin da ya kori ƙwaro haka, ya za a ce ba zai kori na cikin jini ba?

Auwalu mai haɗa magunguna: Abin da ka gani a gona gaskiya ne, kimiyya ma ta tabbatar. A Sudan a 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye kowane kore ta bar darbejiya tsaye. A 1968 aka ware sinadarin, azadirachtin, a jami'ar Keele ta Ingila. Aikinsa shi ne ya hana ƙwaro ci, ya kuma hana shi saɓa, wato sauya fatar da sai da ita yake girma. Ƙwayar maleriya ba ƙwaro ba ce, ba ta saɓa. Akwai wani sinadarin dabam, gedunin, wanda ya kashe ta a kwalbar gwaji. Tsakanin kwalba da jikin yaro kuwa tafiya ce mai nisa, kuma darbejiya ba ta kammala ta ba.

Barista Umma: Ni wurin da nake tare da Baba shi ne rainin da ake yi wa ilimin mutane. In bishiyar banza ce, me ya sa kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka suka je suka yi rajistar mallakar fasaha a kanta a Turai a 1994? Sai da 'yar fafutukar Indiya Vandana Shiva da abokan gwagwarmayarta suka kai ƙara, aka kawo shaida cewa Indiyawa sun daɗe suna yin abin, aka soke rajistar a 2000, ɗaukaka ƙarar ma ta faɗi a 2005.

Sista Hadiza: Anti, ba wanda ya ce banza ce. Amma rajistar nan ai ta maganin fumfunar amfanin gona ce da ake yi da man 'ya'yan, ba ta maleriya ba. Kuma tun da an ambaci man, ina so iyaye mata su ji wannan da kyau. A 1981 likitoci a Malesiya suka wallafa rahoton jarirai da ƙananan yara da aka ba man darbejiya ta baki, kamar yadda wasu iyalai 'yan asalin Indiya suka saba. Cikin sa'o'i kaɗan sai amai, sai jijjiga, sai suma, hanta da ƙwaƙwalwa suka taɓu, wasu ba su tashi ba. An sake ganin irin haka a kudancin Indiya. Man nan na shafawa ne, kada ya kusanci bakin yaro. Mai ciki da mai neman haihuwa su ma su kiyaye, domin a Indiyar an yi ta binciken man a matsayin abin hana ɗaukar ciki.

Maman Hanifa: Innalillahi. Wallahi akwai maƙwabciyata da ke ɗiga wa jaririnta don ciwon ciki. Yanzu zan shiga wurinta.

Alhaji Baba: Mai dabam, ganye dabam. Ni ganye na ce. Kuma shi ACT ɗin naku ba daga ganye aka samo shi ba?

Auwalu mai haɗa magunguna: Daga ganye ne Baba, wani tsiro dangin tazargade a ƙasar Sin. Wata masaniyarsu, Tu Youyou, ta samo hasken ne daga tsohon littafin maganinsu, ta ware sinadarin a 1972, aka gwada a kan marasa lafiya, aka san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Darbejiya ma an bi ta. Tun 1942 wani masani a Indiya, Salimuzzaman Siddiqui, ya fitar da sinadarin nimbin daga manta, kuma Indiya tana da ma'aikata sukutum ta maganin gargajiya, AYUSH, tun 2014. Da an samu maganin maleriya a cikinta, su za su riga kowa shela.

Furenta ma, ci suke yi kaɗan-kaɗan. Ranar sabuwar shekararsu ta Ugadi, wajen Maris ko Afrilu, mai gidan da na yi haya takan miƙo mana 'yan fararen furannin nan gauraye da mazarƙwaila, abin da bai cika cokali ba. A ƙasar Tamil ta kudancin Indiya ana busar da furen a yi romo da tsamiya don gyara ciki. Da asuba kuma za ka ga dattawa a bakin famfo suna tauna reshenta, asuwaki ke nan, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana rage dattin haƙori da kumburin dasashi.

Alhaji Baba: Ni dai shekara saba'in ina sha, ga ni nan. Ba zan daina ba.

Sista Hadiza: Allah ya ƙara lafiya Baba. Babban da ya tashi a ƙasar sauro jikinsa ya saba da cutar, sau da yawa yakan tashi ko da jiƙo ko babu. Jikanka ɗan shekara biyu ba shi da wannan garkuwar. In jikinsa ya yi zafi a yi gwajin nan na ɗan yatsa, minti goma sha biyar ne, a ranar, ba gobe ba.

Malam Habu na tsangaya: Allah ya gafarta malamai, ni tambayata dabam ce. Ƙazuwa ta addabi ɗalibaina. Tun da an ce fata ce fagenta, in yi musu da ita?

Auwalu mai haɗa magunguna: Allah ya gafarta Malam, a nan tana da abin cewa. A 1992 an wallafa wani gwaji daga kudancin Indiya, an shafa wa mutum 814 masu ƙazuwa dakakken ganyen darbejiya haɗe da kurkum, kashi 97 cikin ɗari suka warke tsakanin kwana 3 zuwa 15. Raunin gwajin shi ne ba a kwatanta da wani maganin ba. In za ka yi, a yi wa duk masu kwana ɗaki ɗaya a lokaci guda, har waɗanda ba su fara susa ba, a wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya tabarmi a rana, kada a shafa kusa da ido. Wanda ƙurajensa suka yi ruwa ko suka fara mugunya, wannan a kai shi asibiti, don yana buƙatar maganin sha.