Karnukana biyu sun fara faɗa har da jini, ina neman shawara

Maman Zaki: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu kiwon karnuka don Allah ku agaza min, hankalina a tashe yake. Karnuka biyu gare ni, duka maza. Zaki shekararsa 8, tun yana ɗan kwikwiyo yake hannuna. Bule kuma watansa 20. Zaki ne ya raine shi, wuri ɗaya suke kwana, ƙaramin har ɗora kai yake a wuyan babban. Wata biyu da suka wuce aka fara gurnani wajen cin abinci, ni kuma sai in daka musu tsawa su yi tsit. Jiya ina dawowa gida suka rugo bakin ƙofa kamar kullum. Na miƙa hannu zan shafa kan Zaki, sai Bule ya tsaya cak, jikinsa ya sandare, ko gurnani bai yi ba ya cafke shi. Da ƙyar ni da ƙanena muka raba su. Kunnen Zaki ya tsage, ga wasu 'yan huji biyu a wuyansa, yau ko fitowa daga lungunsa ya ƙi yi. Wani ya ce in bar su su daku har ɗaya ya sallama, wani ya ce in zane Bule ya san akwai na gaba da shi. Ba na son rabuwa da ko ɗayansu.

Baba Mai Kiwo: Wa alaikumus salam 'yata. Sannu. Kare jinin kyarkeci ne, dole garke ya samu shugaba. Ƙaramin ya ji ƙarfi, girman yake nema. Muddin kina shiga tsakani maganar ba za ta mutu ba.

Likita: Hajiya, kafin komai, yau ɗin nan ki kai Zaki asibitin dabbobi. Kunnen bai dame ni kamar hujin wuyan ba. Haƙorin kare yana shiga ta ƙaramar kafa, amma in ya girgiza kai sai ya ɓarke naman da ke ƙarƙashin fata. A waje kamar ba komai, bayan kwana biyu ko uku wurin ya kumbura ya tara mugunya. In kin je, ki roƙa a duba masa gaɓoɓi, haƙora da cikin kunne. Kare mai shekara 8 yakan yi fama da ciwon ƙugu ba a sani ba, sai ya fara yi wa duk wanda ya goge shi gurnani, ƙaramin kuma ya rama. Ku da kuka raba su fa, akwai wanda haƙori ya taɓa? In akwai, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a je asibiti, a kuma duba ko rigakafin ciwon haukan kare na karnukan biyu bai wuce lokaci ba.

Anti Mai Horo: Baba, Allah ya ƙara girma, a nan kam ba zan bi ka ba. Wannan magana ta shugaban garke ta samo asali ne daga binciken masanin dabbobi Rudolph Schenkel na 1947 a kan kyarketai, wanda ya yi a gidan namun daji na Basel a Suwizalan. Kyarketan da ya lura da su baƙin juna ne da aka tsare wuri ɗaya, babu hanyar gudu, dole su yi ta gwabzawa. David Mech, masanin kyarketai na Amurka, wanda shi ma ya yaɗa ra'ayin a 1970, ya dawo ya gyara maganarsa a 1999 bayan ya shekara 13 yana zuwa tsibirin Ellesmere na Kanada yana kallonsu a dawa. Abin da ya gani iyali ne: uwa, uba da 'ya'yansu, wanda ya balaga kuma yakan kama gabansa. Bule ba shi da inda zai kama gaba, katanga ɗaya ta haɗa su. In aka bar su, cizo na gaba yana iya zama a ido ko maƙogwaro.

'Yar'uwa, ki duba inda faɗan ke tashi: kwanon abinci da hannunki. Ba sarauta Bule ke nema ba, abin da yake so yake karewa, kuma ya kai shekarun da kare ke zama cikakke, tsakanin shekara 1 zuwa 3. Sai batun tsawar nan. Gurnani gargaɗi ne, yana cewa a ja baya. Da aka hana shi, fushin bai tafi ba, gargaɗin ne ya tafi. Shi ya sa jiya ya ciza a shiru. Duka kuwa ƙara dagula lamarin zai yi, don zai riƙa ganin duk lokacin da Zaki ke kusa shi yake shan wuya.

Ki raba su gaba ɗaya tukuna, da ƙofa a tsakani, har raunin ya warke. Kowa ya ci abincinsa a ɗakinsa, a kwashe kwanuka in sun gama, kada a bar ƙashi ko abin wasa a yashe. In za ki shigo gida, a killace ɗaya, ki gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya zauna kafin ki taɓa shi. Bayan nan ke da ƙanenki ku riƙa fita da su yawo, kowa da igiyarsa, da tazara mai yawa. In Bule ya kalli Zaki ya kau da kai, nan take ki ba shi ɗan abin da yake so. In ya kafe shi da ido, ya rufe baki, wutsiya ta miƙe, kun matso da yawa, ku ƙara nisa.

Baba Mai Kiwo: To, na ji. Amma a yi wa ƙaramin fiɗiya, zai yi sanyi.

Likita: Takan rage rikici tsakanin maza a wasu lokutan, Baba, amma ba ta goge abin da kare ya riga ya koya. A tattauna da wanda zai duba su.

Ummu Biyu: 'Yar'uwa, karya biyu na taɓa haɗawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar da suka kaure na kai hannu wuya zan janye ɗaya, ta juyo ta huda min tafin hannu, karyar da ba ta taɓa yi min ko haushi ba. Kada ki kuskura ki sa hannu kusa da kai. Ki ajiye bokitin ruwa da faffaɗan katako inda hannu zai kai, ki watsa ruwan ko ki zura katakon tsakaninsu. Ki kuma saba wa Bule da takunkumi mai kamar kwando, wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki. Ni wata shida na yi ina fama. Ƙaramar ta rame, kullum tana rakuɓe. Na bai wa wata aminiyata ita ina kuka, cikin wata guda ta murmure. Ba fata nake miki ba, amma in kika ga Zaki ya daina sakewa a gidansa, ki sa wannan a lissafi.

Maman Zaki: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu muka dawo daga asibiti. An ɗinke kunnen, an wanke wuyan, an ba shi magani. Likita, maganarka ta fito: da aka miƙe masa ƙafar baya ta hagu sai da ya yi ƙara, za a ɗauki hoton ƙugun jibi. Ashe shi ya sa ya daina hawa matakala. Bule yana ɗakin baya, na kai masa abincinsa can, ya cinye yana kaɗa wutsiya. Anti, taku nawa zan bari tsakaninsu ranar farko da za mu fita yawo?

Anti Mai Horo: Ki fara da taku 20, Zaki a gaba, minti 10 kawai. In Bule ya karɓi abin da kika miƙa masa ya ci, tazarar ta yi. In ya ƙi karɓa, ku ƙara ja baya.